Babur ɗin Ƙanƙara: Yadda Aka Koya wa Inji Tafiya a Kan Dusa

A watan Yunin 2023 kamfanin Yamaha ya sanar da cewa zai wanke hannunsa daga ƙera babur ɗin ƙanƙara, ƙirar 2025 ita ce ta ƙarshe, bayan ya shafe shekara fiye da 50 a wannan sana'a. Ba a gama jimamin wannan ba, sai ga kamfanin Textron, mai Arctic Cat, a Disambar 2024 ya ce zai dakatar da ƙira a masana'antarsa ta Thief River Falls da ke jihar Minesota. Sai da wasu masu zuba jari suka sayi Arctic Cat ɗin a Afrilun 2025 kafin hankalin mutanen garin ya ɗan kwanta. A 1971 kamfanoni fiye da 100 ne ke ƙera wannan abin hawa. Yau manyan da suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: yana da dogon wurin zama da kan tuƙi irin na babur, amma a gurbin tayar gaba allunan zamiya biyu ne, a gurbin ta baya kuma faffaɗar sarƙar roba ce irin ƙafar katafila, tana juyawa a ƙarƙashin mahayi. A kudancin Kanada da arewacin Amurka abin shaƙatawa ne na ƙarshen mako. A ƙauyukan Alaska da Nunabut da Saberiya kuwa, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa fiye da rabin shekara kuma ba titin da ya haɗa gari da gari, da shi ake farauta, da shi ake ɗebo itace, da shi ake kai mara lafiya filin jirgi. A can ne ficewar Yamaha ta tayar da tsohuwar gardama. Wasu na cewa sabbin ƙira sun fi ƙarfi, sun fi tsabta, sun fi daɗin hawa, kuma gaskiya suka faɗa. Mafarauta da masu ɗana tarko na cewa a bar musu tsohon da in ya mutu a daji za su iya tayar da shi da sifana da fulogi. Ni ina bayan na biyun, kuma tarihin abin ne ya kai ni can. Abin da ya ba wannan babur nasara tun farko ba ƙarfin inji ba ne, rashin nauyi ne da sauƙin gyara.

Mutanen waɗannan ƙasashe sun san sirrin dusa tun kafin a san inji. Wanda ya taka mai zurfi da ƙafarsa zai nutse har ƙugu, domin nauyinsa duka ya taru a tafin ƙafa. 'Yan asalin Amurka ta Arewa sai suka saƙa faffaɗan takalmi na itace da tsirkiyar fata, mutanen Sikandinabiya da Saberiya suka sassaƙa dogayen alluna, Inuwit suka ɗaura wa karnuka keken zamiya, Sami kuma suka ɗaura wa barewarsu ta gida. Dabarar guda ce, a baza nauyi kuma a rage shi.

Masu inji na farko baza nauyin kawai suka iya. A 1901 Alvin Lombard na jihar Maine ya sami takardar mallakar ƙirar wata ƙatuwar mota mai aiki da tururi, mai ƙafar katafila, wadda ke jan gungumen katako a kan hanyar da aka riga aka daddaɓe. Robert Scott na Ingila ya tafi Antatika a 1910 da kekunan zamiya masu inji guda 3. Ɗaya ya fasa ƙanƙara ya nutse a teku ana cikin sauke kaya, sauran biyun suka lalace tun farkon tafiya, Roald Amundsen na Norwe kuwa ya riga shi isa ƙuryar kudancin duniya a Disambar 1911 da karnuka. A Rasha wani Bafaranshe, Adolphe Kégresse, mai kula da motocin Sarki Nikolas na Biyu, ya ƙirƙiro sarƙa mai laushi da ake sa wa mota a baya don sarki ya shiga dusa. Juyin juya halin 1917 ya mayar da shi gida, ya haɗu da André Citroën, sai ga ƙirar da aka yi don sanyin Rasha tana ratsa Sahara: motoci 5 daga Tugurt zuwa Timbuktu a ƙarshen 1922, sannan motoci 8 da suka bi ta Yamai da Damagaram zuwa tafkin Cadi a ƙarshen 1924. Yashi da dusa matsalarsu ɗaya, kuma tsofaffin Damagaram na wancan zamani sun ga kakan babur ɗin ƙanƙara da idonsu. A Amurka kuma wani dillalin Ford a New Hampshire, Virgil White, ya cire wa Model T tayoyin gaba ya sa mata alluna tun 1913, likitocin karkara da masu kai wasiƙa suka saya. Duk waɗannan motoci ne da aka canza wa ƙafa. In ɗaya ta kafe a daji, mutum ɗaya ba ya fitar da ita.

Daga nan labarin ya rabu biyu, kuma har yau jihar Wiskonsin ta Amurka da lardin Kwibek na Kanada ba su sasanta ba. Mutanen Wiskonsin na cewa nasu ne, Carl Eliason na ƙauyen Sayner, mai shago, wanda lalurar ƙafa ta hana shi bin abokansa farauta da takalmin dusa. A 1924 ya ɗora injin kwalekwale mai ƙarfin doki biyu da rabi a kan dogon keken katako, ya sa masa sarƙa a ƙasa da alluna a gaba da ake juyawa da igiya, ya sami takardar mallaka a 1927. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin abin da ya ƙera ƙarami ne na mutum ɗaya ko biyu, kuma duk wanda ya dubi hotonsa zai gane zuriyarsa. Sai dai a cikin shekara 15 kimanin 40 kawai ya ƙera da hannunsa. Eliason ya riga kowa gane siffar da abin zai ɗauka, amma bai sami injin da zai ɗauke ta ba, bai kuma sami sarƙar da za ta jure ba.

Mutanen Kwibek kuwa Joseph-Armand Bombardier suke kira, kuma labarinsa ya fi daɗi a baki. An haife shi a 1907 a ƙauyen Valcourt. Yana da shekara 15 ya ɗaura injin tsohuwar Ford da farfela a kan keken zamiya, shi da ƙanensa Léopold suka ratsa gari da shi, mahaifinsu ya ce a kwance abin kafin farfelar ta sare wani. A 1926 ya buɗe gareji. A hunturun 1934 ɗansa Yvon, mai shekara 2, ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, dusa ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Bayan shekara guda Bombardier ya warware abin da ya daɗe yana damunsa, ya ƙera ƙafa mai haƙora lulluɓe da roba wadda ke jan sarƙa ba tare da dusa ta cushe ta ba, ya sami takardar mallaka a 1937. Yawancin masu ba da labarin a nan suke ɗaure shi: uba ya rasa ɗa, baƙin ciki ya haifi babur ɗin ƙanƙara.

Ban raina wannan rashi ba, kuma ba na shakkar ya ƙara wa mutumin himma. Amma abin da ya fito daga garejinsa a 1937 ba babur ba ne. B7 ce, rufaffiyar mota mai ɗaukar mutum 7, bayanta B12 mai ɗaukar 12, waɗanda likitoci da limaman coci da masu jigilar 'yan makaranta suka saya. Shekara 25 ne tsakanin rasuwar Yvon da fitowar ƙaramin babur. Da baƙin ciki ne ya haife shi, me ya tsayar da shi duk wannan lokaci? Abin da ya tilasta wa Bombardier sauya hanya ya zo ne daga gwamnati. A ƙarshen shekarun 1940 lardin Kwibek ya fara share dusa daga hanyoyin karkara duk hunturu. Likitan da jiya sai da B12 yake fita, yau motarsa ta yau da kullum ta ishe shi. Cinikin kamfanin ya faɗi da kusan rabi a shekara guda. Duk inda titi ya kai, an ƙwace masa kasuwa. Abin da ya rage shi ne inda titi ba zai taɓa kaiwa ba, dajin masu katako, fadamun masu haƙar mai, da hanyoyin masu tarko da karnuka kaɗai ke bi. Ya fara da manyan, kamar taraktar Muskeg ta 1953. Sannan abu biyu suka haɗu: ƙananan injuna marasa nauyi suka wadata a kasuwa, ɗansa Germain kuma ya gano yadda za a dafa sarƙar roba guda ɗaya mara mahaɗi, da sandunan ƙarfe a cikinta. A 1959 Ski-Doo ya fito, guda 225 a shekarar farko, fentinsa rawaya, inji a gaba, mahayi a kan sarƙa. Ɗaya daga cikin na gwaji Bombardier da kansa ya kai wa abokinsa Maurice Ouimet, wani mai wa'azin Kirista da ke zaune cikin ƙabilar Ojibwa a arewacin Ontariyo, abin da ke nuna mutanen da yake tunani. Bombardier ya rasu a Fabrairun 1964, lokacin ana sayar da fiye da 8,000 a shekara.

Akwai masu da'awa na uku. A garin Roseau na Minesota, kusa da iyakar Kanada, wani ƙaramin kamfanin kayan noma mai suna Polaris ya harhaɗa nasa a hunturun 1955 zuwa 1956, da sarƙar injin ɗaga hatsi da bambar tsohuwar Chevrolet. Edgar Hetteen, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya yi tafiyar mil 1,200 daga Bethel zuwa Fairbanks a Alaska a 1960 don ya nuna abin ba wasa ba ne. Da ya dawo suka saɓa da masu hannun jari, ya fita ya kafa kamfanin da ya zama Arctic Cat. Sun riga Ski-Doo shiga kasuwa, ba musu. Amma nasu na farko inji a baya yake, nauyinsa kuma ya yi yawa, kuma cikin 'yan shekaru su da kansu suka koma ƙirar Valcourt. Wannan komawa ita ce hukuncin da na fi yarda da shi a shari'ar.

Shaidar da ta rufe bakin masu shakka ta zo a 1968. Ralph Plaisted, mai sayar da inshora daga Minesota, ya tashi daga tsibirin Ward Hunt da Ski-Doo masu ƙarfin doki 16, ya isa ƙuryar arewacin duniya ranar 19 ga Afrilu, jirgin sojan saman Amurka ya tabbatar da wurin da suke. Shi ne zuwa na farko ta kan ƙanƙara da ba a gardama a kansa. A cikin mutum 4 da suka isa akwai Jean-Luc Bombardier, ɗan ɗan'uwan mai ƙirar, da Walt Pederson, wanda aikinsa shi ne gyara. Ƙarfin doki 16 ba abin alfahari ba ne ko a lokacin. Abin da ya kai su shi ne babura da mutum biyu za su ciccibe su haye tudun ƙanƙara, da makaniken da zai iya kwance su a cikin tanti.

Sai kasuwa ta haukace. Kamfanonin taraktoci irin John Deere da Massey Ferguson, masu babura irin Harley-Davidson, masu injin kwalekwale, kowa ya shigo. A 1971 an sayar da kusan 495,000. Tsadar mai ta 1973 da 'yan shekarun ƙarancin dusa suka share yawancinsu. Arctic Cat ma ta durƙushe a 1981, ta farfaɗo a 1983. Yau abin da ake sayarwa a duniya duka a shekara bai kai 150,000 ba.

Abin da babur ɗin ya yi wa mutanen arewa ba alheri zalla ba ne, kuma mai son abin ya kamata ya fi kowa faɗin haka. Masanin al'umma Pertti Pelto ya zauna cikin Sami na Sevettijärvi a arewacin Finlan, ya ga zuwan babur a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kai a 1973. Tafiyar sayayya zuwa shagunan Norwe da ke cin kwana 3 da barewa ta koma awa 5. Amma ƙarar inji ta firgita garke, barewar ta koma rabin ta daji, kuɗin mai da na gyara suka sa ana yanka dabbobi ana sayarwa. Gidan da ke da barewa 52 a matsakaici kafin babur ya koma 12 a 1971, kusan kashi biyu cikin uku na gidaje suka bar kiwo, dukiyar ta taru a hannun 'yan kaɗan. A Kanada kuma an daɗe ana cewa babur ne ya kori karnukan Inuwit. Inuwit ɗin suka ce a'a, 'yan sanda da jami'ai sun harbe dubban karnukansu tsakanin shekarun 1950 da 1970, lokacin da ake tara su a matsugunai, babur ya zo ne ya tarar da mafarauci ba kare. Rahoton 'yan sandan Kanada na 2006 ya musanta cewa an yi kisan da tsari, hukumar bin gaskiya ta Qikiqtani ta tattara shaidar dattawa, gwamnatin tarayya kuma ta nemi gafara a Iqaluit a 2019. Na fi gaskata dattawan. Mutumin da aka raba da karnukansa ba zaɓen inji ya yi ba, kuma tun da rayuwarsa ta koma kan inji, yana da haƙƙin a ba shi wanda zai iya gyarawa.

Waɗannan mutane ne suka riƙe ƙirar da masu shaƙatawa suka raina: Ski-Doo Elan, da aka ƙera daga 1971 zuwa 1996, mai silinda ɗaya, wanda bai kai kilo 150 ba; Tundra da ta biyo shi; da Yamaha Bravo, daga 1982 zuwa 2011. Don a gane dalilinsu sai an san abin da dusa mai zurfi ke yi wa babur.

A cikin dusa mai laushi allunan gaba ba su da abin kamawa, don haka juya kan tuƙi kaɗai ba ya juya babur. Mahayi tsaye yake tafiya, ko gwiwa ɗaya a kan kujera, yana jefa nauyinsa gefen da yake so ya bi. Muddin yana tafiya, babur na shawagi a sama. Da ya tsaya a wurin da bai dace ba, sai ya zauna. Shi ya sa gwanaye ba sa tsayawa suna fuskantar hawa. Ko dai su tsaya kan na kallon gangare, ko su yi da'ira su dawo kan sawun da suka riga suka danne. Tsohon babur sarƙarsa gajera ce, yawanci inci 121, haƙoranta ba su kai inci ɗaya ba, don haka saurin kafewa gare shi. In ya fara kafewa, hannu na son ya ƙara totur, kuma wannan shi ne kuskuren. Sarƙar za ta haƙa rami ta watsar da dusar da take takawa, cikin babur ya kwanta a kan dusa, ita kuma ta ci gaba da juyawa a banza. Abin yi shi ne a saki totur nan take, a sauka, a tattake dusar gefe da ta gaba, a kwashe wadda ta cushe a ƙarƙashin hanci, a ɗaga bayan a fitar da shi daga ramin a ɗora a kan wurin da aka tattake, a ja allunan su kalli gangare, sannan a ba shi wuta a hankali ana tafe a gefensa. Kuma a yi duk wannan ba gaggawa, a cire riga ɗaya in ta kama, domin gumin da ya jiƙa tufafi a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili ya fi kafewar hatsari. A nan ne nauyi ke zama batun rai. Elan mutum ɗaya na ɗaga bayansa. Wasu manyan baburan aiki na yau sun haura kilo 300, kuma mai su in shi kaɗai ne a daji, sai dai shebur da haƙuri.

Matse totur a kafe yana cin bel ma. Babur ɗin ba shi da giyar da ake canzawa. Kuloci biyu ne, kowanne faranti biyu masu fuskantar juna, da bel ɗin roba a tsakaninsu. Inji na ƙara juyi, na gaba ya matse bel ya tura shi sama, na baya ya buɗe. In sarƙa ta maƙale, kulocin gaba zai yi ta gurzar bel a wuri guda har ya ƙone gefensa, daga nan sai babur ya riƙa fizga. Garin dusa da ke shiga ta ramukan murfi shi ma yana jiƙa bel ya sa shi sulɓi. Ba wanda ya san daji da zai fita ba bel na biyu, kuma in za a ja mataccen babur sai an cire bel ɗin tukuna. Haka in babur ya kwana a waje bayan tafiya, sarƙar kan daskare da ƙasa, sai an ɗaga bayan an buga, an bar ta ta juya a sama kafin a hau.

Injin kansa mai bugu biyu ne, irin na ƙaramin janaretan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma halinsu ɗaya: fulogi ne madubinsa. In an cire shi aka ga ruwan ƙasa, lafiya. In baƙi ne jiƙe, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, a kashe inji, domin iska ta fi mai, zafi na gab da huda fistin. Kafireta ba ta san yanayi ba, ramin da mai ke bi ta cikinta girmansa ɗaya ne kullum, iska kuwa tana canzawa. In sanyi ya tsananta iska kan yi kauri, cakuɗin ya yi ƙarancin mai, inji ya buga ana tsaka da jin daɗin ƙarfinsa. In an hau dutse iska kan yi siriri, inji ya rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, mai ya yi masa yawa, ya riƙa shaƙewa yana kashe fulogi. Don haka masu hawan duwatsu na da ke yawo da 'yar jakar jet, wato waɗannan ramukan mai, masu girma dabam-dabam, suna kwance kafireta a gefen hanya da yatsu masu daskarewa. Wanda ya sa ƙaramin jet a saman dutse ya manta bai mayar ba da ya sauko, shi ne ake jan babur ɗinsa zuwa gida. In inji ya sha mai ya ƙi tashi, a kashe cok, a buɗe totur gaba ɗaya, a ja igiya har ya tofar, da sharaɗin an ɗaga bayan ko gaban babur a buɗe yake. In igiyar ta tsinke, ana naɗa maɗauri a jikin kulocin gaba a fizga. Garin dusa na iya bin iska ya daskare a cikin kafireta ya riƙe totur a buɗe, shi ya sa makashin gaggawa da ke kan tuƙi ba ado ba ne. Raɓar da ke taruwa a tanki na iya daskarewa ta toshe tiyo, maganinta ɗan sifirit a cikin mai. Salansar da bakinta ke ƙarƙashin ciki kuma, in babur ya nutse, dusa kan toshe ta inji ya yi ta gurnani ba ƙarfi. A tsohon da ya haura shekara 30 sai a ƙara da tiyon da ya bushe da sil ɗin da ke zuƙar iska a ɓoye. Jerin yana da tsawo, amma duba shi da kyau: kusan duka da ido ake ganinsu, da hannu ake gyara su.

Ko batun sanyaya inji tarihi ne ya raba shi. A 1966 Arctic Cat ta fito da Panther, wanda sarƙarsa ke zamewa a kan dogayen sanduna maimakon ƙananan tayoyi, ƙirar da kowa ya kwaikwaya. Amma sandunan dusa ce man shafawarsu. A shekarun 1970 aka shigo da inji mai sanyaya da ruwa, wanda maimakon lagireto yawanci bututu ne a ƙarƙashin kujera da sarƙa ke watsa wa dusa. A dusa mai zurfi duka biyun lafiya lau. A kan daskararren tafki ko teku da iska ta share, robar sandunan na narkewa, inji na tafasa. Mai farauta a kan ƙanƙarar teku da ya nace wa inji mai fanka ya san abin da yake yi.

Kamfanoni sun warware yawancin waɗannan matsaloli, kuma ba zan hana su yabonsu ba. Polaris ta fito da inji mai feshin mai da kwamfuta a farkon shekarun 1990. Ski-Doo Summit na 1994 ya zo da na'urar da ke daidaita mai da tsayin dutse, Polaris RMK ya biyo baya a 1996, sarƙa ta yi ta tsawo har inci 175, haƙoranta suka kai inci 3. Yau matashin da ya fara hawa bara na isa gangaren da gwanayen 1975 ba su taɓa mafarki ba, kuma da wannan ne masu babur suka shiga sahun gaba a cikin waɗanda zaftarewar dusa ke kashewa a Amurka da Kanada. Hayaƙin tsoffin ma ba abin kārewa ba ne, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na man da suke sha na fita ta salansa bai ƙone ba. A ƙofar yamma ta gandun dajin Yellowstone na Amurka sai da aka raba wa ma'aikata abin rufe hanci saboda shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa doka a 2002, ta fara aiki a 2006, kuma a ƙarƙashin irin waɗannan dokoki ne ƙananan injuna masu kafireta suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Dokar ta yi daidai a Yellowstone, inda ɗaruruwan 'yan yawon buɗe ido ke jeruwa a ƙofa ɗaya. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, da aka tsabtace inji ba a yi tunanin mutumin da dillali mafi kusa da shi sai an hau jirgin sama ba. In na'urar auna iska ta lalace, ko kwamfutar ta ƙi ba da wuta, sifana ba ta da magana, sai an jona babur da na'urar dillali. Kamfanoni sun bi masu kuɗin shaƙatawa, su ne kasuwa, suka bar mafarauci yana sayen matattun Bravo biyu ko uku don ya rayar da guda.

Rasha ce ta bi wata hanyar. A farkon shekarun 1970 masana'antar injuna ta Rybinsk ta ɗauki samfurin Bombardier mai sarƙa biyu ta ƙera Buran: sarƙa biyu a jere don ya yi shawagi a dusar daji, allo ɗaya tak a gaba don ya zame tsakanin itatuwa kada kututture ya kama shi, da inji mai bugu biyu mai fanka. Yana shan mai, yana da ƙara, yana jijjiga ƙashin baya, kuma masu shi ba sa ɓoye cewa yana yawan lalacewa. Amma a ƙauyukan Saberiya kayan gyaransa na rataye a kusan kowane rumbu, makiyayan barewa na Nenets da mafarautan Ebenki na kwance shi su mayar a cikin sanyi. Fiye da shekara 50 ke nan, kuma har yanzu ana ƙera shi a Rybinsk, da 'yan canje-canje kaɗan.